Kasuwar da Baba Ya Ƙi Sa wa Hannu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Surukina, mahaifin matata, ya rasu wata Alhamis da hantsi, bayan an gama kai gero gida, a shekarar da ta biyo bayan ba mu sabuwar jiha. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba tun ranar da ya ba ni 'yarsa. Baba nake ce masa. Garinmu ma zan bar shi haka nan: ƙaramin gari ne a kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, wanda ya san shi ya san shi.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Manoma daga Barkiya da Ɗantutture suka zo, wasu a keke wasu a ƙafa, suka jingine kekunan a gindin bedi. Waɗannan ba su yi dogon zance ba. "Allah shi jiƙanshi," sai su sami gefen tabarma su sunkuyar da kai. Wani tsoho ya ce kwalbatin da Baba ya yi musu a kan ƙorama shi ne har yau jakunansu ke bi da damina, ya faɗi haka ya ja bakinsa. Akwai wani birkila Kirista, mutumin kudancin Zariya, da ya daɗe yana gini a ƙarƙashin Baba. Ya biyo mu har maƙabarta, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba.

Sai da la'asar manya suka iso. Alhaji shugaban kwamitin gyaran gari ya fito daga mota da farin hankici, yana kuka har kafaɗunsa na rawa, sai da mutum biyu suka riƙe shi suka zaunar a darduma. Wannan shi ne mutumin da ya yi shekaru in ya hango Baba a sahun masallaci sai ya sauya gefe. Ya ce gari ya yi rashin ginshiƙi. Ina kusa da shi lokacin da ya ninke hankicin ya mayar aljihu, a bushe yake ƙamas.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa Fatiha, Alhaji ya gyara murya ya ce, "Jama'a, kwamiti ya zauna. Mutumen kirki irin wanga ba a barin sunanshi shi ɓace. Mun yanke za mu sa sunanshi bisa ƙofar sabuwar kasuwa. Ranar arba'in za a ɗaga allon."

Aka yi ta madalla. Babban ɗan marigayin, wan matata, wanda nake ce wa Yaya, ya miƙe ya yi godiya a madadin iyali. Duk wanda ke kan tabarmin nan, in ban da baƙi, ya san wace kasuwa ake nufi: ita ce wadda Baba ya ƙi sa wa hannu, wadda a kanta aka tsige shi daga aiki aka shafa masa kashin kaji a gari. Amma ni suruki ne. Aikin suruki a gidan makoki shimfiɗa tabarma da cika butoci, ba a tambayarsa ra'ayi. Abin da na kasa faɗa a can shi nake rubutawa nan, don kada sunansa ya zauna a kan ƙarya ba tare da wani ya ce ƙarya ce ba.

Baba tsohon ma'aikacin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta da, sashen ayyuka. Ya fara da riƙe wa safiyo, mai auna ƙasa, igiyar awo, ya ƙare yana duba gine-ginen hukuma a ƙasarmu: ɗakin shan magani, ajin firamare, rijiya, kwalbati. Ni kuma direban tifa ne, yashi da tsakuwa nake kai wa magina. Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Na kawo yashi wurin ginin wani aji, na juye, ina jiran a sallame ni, sai ga wani siririn mutum da malafa ya durƙusa ya damƙi yashin, ya jiƙa shi da ruwan buta, ya matse a tafin hannu ya buɗe. Yashin ya tsaya dunƙule kamar fura. Ya ce wannan ƙasar gona ce, yashin gulbi in ka matse ka buɗe wargajewa yake. Ya sa na kwashe abina da cebur na koma gulbi. Na zage shi a zuci tun daga nan har bakin ruwa. Bayan shekara biyu, da iyayena suka je neman auren 'yarsa, tambaya ɗaya ya yi: "Mai tifar nan da ya koma gulbi?" Aka ce shi. Ya ce ya ba ni. Daga nan har ya rasu Mai Tifa yake ce mini.

Bulo kuwa ɗaga shi yake daidai ƙirji ya sake. In ya ɓantare a gefe kawai, to a yi gini da shi. In ya zama gari, duk bulon da aka buga ranar ya tashi aiki. 'Yan kwangila sun tsane shi tsana ta gaske, shi kuwa ko a jikinsa.

Babbar al'adarsa ita ce ta ruwan sama. Inna, matarsa, takan ce mazan kowa in hadari ya taso gida suke gudowa, nata fita yake. Da an fara ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya yafa tsohon buhu, ya ɗauki damin turaku da guduma, ya shiga gari yana bin ruwa. Inda ya taru ya kafa turke, inda ya karkata ya kafa turke, inda ya ci ƙasa ya kafa biyu. Ba ya yarda a haƙa harsashin komai sai wurin ya ga damina a gaban idonsa. Ya ce takardar awo da rani ake zana ta, ruwa kuwa bai halarci zaman ba. Mutane suna leƙensa daga zaure suna dariya, yara suna tuge turakun suna wasa da su, shi kuma ya sake kafawa.

In aka zo masa da zancen wani sabon gini, ba ya fara tambayar nawa zai ci. Sai ya ce, "To in ya lalace, wa ka gyara shi? Da kuɗin wa?" In an yi shiru sai ya ce to a jira tukuna. Na ga manyan mutane sun tashi daga zaurensa rai a ɓace saboda wannan tambaya.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Baba yana da taurin kai da riƙo, kuma hannunsa a damƙe yake. Tsohuwar ƙusa in an zare ta sai ya miƙe ta da guduma ya jefa a gwangwani. Bai iya yabon mutum ba; in ka yi aiki ya yi kyau, shirunsa shi ne ladanka. Yaya ya taɓa neman ya saka masa baki a ba shi ƙaramar kwangilar kujerun makaranta, Baba ya ce muddin shi ke duba aiki ɗansa ba zai ci kwangila ba. Abokan Yaya suka gina gidajen bulo, shi yana nan yana ɗinkin keke a bakin tasha. Wannan abu bai taɓa fita daga ran Yaya ba, kuma ban ga laifinsa duka ba.

Zamanin farar hula, lokacin da kowane gari ke son ya wayi gari ya ga kansa kamar Kaduna, aka kafa kwamitin gyaran gari. A lokacin Baba ya riga ya yi ritaya. Aka buɗe gidauniya, aka ce kuma akwai tallafin da za a turo daga sama. Da farko mutane suka noƙe, don sun san hannayen da za su riƙe kuɗin. Sai Alhaji ya je har gida ya durƙusa ya roƙi Baba ya zama mai duba aiki. Baba ya yarda da sharaɗi ɗaya: ba za a biya ɗan kwangila ba sai ya duba ya sa hannu. Da aka ji Baba na ciki sai aka fara kawowa. Manoma suka ba da dammunan gero, mata suka sayar da awaki, mahauta da 'yan koli suka yi karo-karo. Har birkilan nan da 'yan cocinsu sai da suka haɗa nasu suka kawo.

Baba ya zo zaman farko da tsarinsa, ya rubuta da fensir a bayan takardar buhun siminti. Ya ce a fara da lambatu, tun daga bayan masallaci har ƙorama, don ruwa ya daina cin gidajen mutane. Sannan a koma tsohuwar kasuwa, wadda ke kan tudu tun kakanni, a gyara ta layi-layi: a gama layi ɗaya, a rufa shi da kwano, 'yan kasuwa su shiga su fara biyan kuɗin rumfa, da wannan a kama layi na gaba. A kuma ware wani kaso a ajiye don gyara, kada a taɓa shi. Kada a haƙa sabon harsashi sai wanda aka fara ya sami rufi. Ya ce abin zai ɗauki shekaru, amma ba za a wayi gari ana bin kowa da ƙoƙon bara ba.

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya yi dariya ya ce, "Yo Malam, wa zai taso tun daga Kaduna shi zo shi yanke ƙyalle bakin lambatu?"

Duk suka ɗauki dariyar, har da masu tafa hannu. Su abin da suke so sabuwar kasuwa ce a bakin titi inda duk mai wucewa zai gani, da sabuwar tashar mota, da ɗakin taro, da ƙatuwar ƙofa mai baka irin wadda Alhaji ya gani a birni, kuma duka a kama su lokaci ɗaya. Filin da suka zaɓa kwari ne. Na surukin Alhaji ne, kwamiti ya saye shi da daraja. Turakun Baba sun fi yawa a wannan kwarin fiye da ko'ina a garin.

Ya roƙe su su zo su gani da idonsu. Ranar da aka yi wani babban ruwa da rana ya aika aka kira su, suka zo kuwa, a motar Alhaji. Suka tsaya a kan titi, suka ɗaga gilashi, suna kallon tsoho tsaye cikin ruwa har gwiwa yana nuna musu da sanda. Ba wanda ya sauko. Daga baya ɗayansu ya ce ruwa ai wucewa yake.

Ƙofar aka fara ginawa. Wallahi ƙofar. An riga an sa ranar da babban baƙo zai zo, don haka mafi kyawun siminti da rodi duk a kanta suka ƙare, aka shafe ta da fenti tana ta ƙyalli. Bayanta babu komai sai ramukan harsashi da ciyawa. Ranar bikin aka tattaro manyan motocin garin aka jera su a bayan ƙofar don kada baƙo ya hango kwarin, tifar da nake ja tana cikinsu, an wanke ta tas. Aka yi kiɗa, aka yanke ƙyalle, aka ci shinkafa da kaji da kuɗin awakin mata. Baba bai je ba, yana gonarsa yana noma.

Da aka waiwayo kan kasuwar kanta, kuɗi sun yi rauni, ga harsashin tasha da na ɗakin taro duk sun buɗe baki suna jira. Ɗan kwangilar ƙanen Alhaji ne. Sai aka fara miƙa siminti, buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin ana tatsar ninkinsa. Nan ne nawa ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ni aka ba jigilar yashi. Ƙanen Alhaji ya ja ni gefe ya ce gulbi ya yi nisa, ga jigawa nan bayan gari, in riƙa ɗebowa daga can, za a biya ni kuɗin gulbi mu raba rarar. A lokacin burina ɗaya in mallaki tifa tawa ta kaina in daina ja wa wani. Na ce to.

Wata safiya ina juyewa sai ga Baba. Ya durƙusa, ya damƙa, ya jiƙa, ya matse, ya buɗe hannu. Ya daɗe yana kallon dunƙulen nan. Bai ɗago ya dube ni ba, don tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ko da ɗayansu ya zubar da tasa. Ya kakkaɓe hannu ya tafi. Da yamma matata ta dawo daga gidansu ta ce Baba ya ba ta saƙo: "Ki ce ma Mai Tifa hanyar gulbi ba ta tashi ba, tana nan inda ya san ta." Na ji saƙon sarai. Washegari na koma jigawa. Tifar da na saya da rarar tana nan a ƙofar gidana, wani lokaci in na dube ta sai in ji kamar in tofar da yawu.

Da aka ɗora kwano a kan rumfunan, aka kawo wa Baba takardar shaidar kammala aiki. Da hantsi suka zo, Alhaji da ƙanensa da wasu biyu, da rago a bayan mota da turmin shadda. Suka sa ni a gaba, don Baba ya tuna cewa mijin 'yarsa ma ya ci abinci a aikin. Na durƙusa a bakin zaure kaina a ƙasa. Baba ya saurare su har suka gama. Sai ya shiga cikin gida ya fito da bulo guda, ashe ya ɗauko shi daga wurin ginin ya ajiye. Ya ɗaga shi daidai ƙirji ya sake a tsakiyar zauren. Garinsa ya fallatsa har kan babbar rigar Alhaji.

Ya ce, "Alhaji, kuɗin ga na matan da suka saida awakinsu ne. Don sun ji ina ciki suka kawo. In na sa hannu, gobe ƙiyama mi zan ce masu?"

Alhaji ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Malam, kai kaɗai ka san Allah garin ga?"

"A'a. Ni kaɗai aka ce in duba bulo."

Ya sa aka mayar da ragon mota. Shaddar ma bai ko buɗe ta ba.

Ba a yi mako ba kwamiti ya zauna ya ce tsufa ya kama Baba, a hutar da shi. Aka samo wani wanda bai san bambancin siminti da toka ba ya sa hannu. Sannan aka saki zance a gari: wai baƙin ciki yake don ba a ba ɗansa kwangila ba, wai ɗan wata jam'iyya ne, wai ba ya son garin ya ci gaba. Abin da ya fi ba ni takaici, waɗanda ya tsaya dominsu su ne suka fi yayata zancen. Sun ga ƙofa mai fenti, sun ji daɗi, ga wani tsoho yana neman ɓata musu. Aka tilasta wa 'yan kasuwa suka sauko kwari. Tsohuwar kasuwar kan tudu aka yanka ta filaye, 'yan kwamiti suka raba a tsakaninsu. Tasha ba ta wuce harsashi ba. Ɗakin taro ya tsaya a linta, awaki ke kwana ciki. Lambatu kuwa ba a sake ko ambatonsa ba.

Damina ta farko ruwa ya shiga kasuwar kamar an gayyace shi. Bangon layin 'yan hatsi ya zube, Allah ya taƙaita ba ranar kasuwa ba ce. Kwamiti ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, ya sami birkilan nan, baƙo, ba dangi a gari. Aka kai ƙararsa aka rufe shi. Baba, wanda aka kora aka ce ya rikice, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya hau keke ya je ya tsaya masa. Ya ce shi ya san hannun mutumin nan shekara da shekaru, layinsa a miƙe yake, abin da aka ba shi ne ya jera. Bai dawo ba sai da shi. Ya ajiye shi da iyalinsa a shagon ƙofar gidansa har aka daina nuna shi da yatsa.

Ban taɓa jin Baba ya ce wa kowa ai na faɗa muku ba. Gaisuwa dai ya daina yi da 'yan kwamiti, har ya mutu kuwa. Amma duk damina, in ruwa ya sauko ranar kasuwa, sai ka gan shi da buhunsa da fartanya a bayan rumfuna, yana buɗe wa ruwan hanya don ya rage wa mata masu kayan miya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Wannan fartanyar ce Alhaji ya kafa hujja da ita a zaman makoki, wai kowa shaida ne yadda marigayi ke son kasuwar nan.

Ba son Baba ne ya motsa 'yan kwamiti su sa sunansa a kasuwar ba, kuma kowa ya sani. Tun da aka ba mu sabuwar jiha ake raɗe-raɗin za a zo duba ayyukan da aka yi watsi da su, a tambayi inda kuɗi suka shiga. In mai bincike ya zo ya ga sunan Baba a saman ƙofa, aka ce masa ai marigayi ne ya duba aikin, zance ya ƙare, don ba a tono mutum daga kabari a yi masa tambaya. Sun ci da sunansa sau ɗaya yana raye, lokacin tara kuɗi. Yanzu suna so su wanke hannu da shi yana kwance.

Bayan sadakar bakwai na sami Yaya a shagonsa. Na zagaya na zagaya, sannan na ce ina ganin Baba ba zai so wannan abu ba. Yaya bai tsayar da keken ba. Ya ce duk tsawon ransa bai ci komai da sunan ubansa ba sai wahala, yanzu da za a girmama gidan har an yi alkawarin rumfa ga kowane ɗa, sai a ce ya ƙi? Sannan ya tsayar da keken ya dube ni.

"Kai ne za ka hwaɗa mani abin da Baba ka so? Kai da ka kai masu yashin?"

Na tashi na ba shi wuri.

Na je gaida Inna, tana cikin takaba. Na durƙusa daga bayan labule kamar yadda na saba. Ban ta da zancen ba, ita ta tayar. Ta ce kwana nawa Malam ya yi tuwo na hucewa a gabansa saboda kasuwar nan, ita ta sani, ita ke kwashe kwanon. Sannan ta ce, "Amma wa ya tambaye ni, ɗan nan?"

Ranar arba'in na ƙudura zan yi magana, ko da za a ce suruki ya yi rashin kunya. An gama rabon waina, Alhaji ya sake maimaita zancen allo, na miƙe na ce, "Jama'a, a gahwarce ni, ina da magana kan kasuwar nan." Kawuna suka juyo. Yaya ya harare ni. Na ga Alhaji ya ɗan taɓa gwiwar malamin da ke kusa da shi, malamin ya ɗaga hannu sama ya ce a yi wa mamaci Fatiha. Wa zai yi magana a kan Fatiha? Kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Kafin a shafa an fara neman takalma. Ban taɓa ganin an ɗauki addu'a an toshe bakin mutum da ita ba sai ranar, kuma har yau in na tuna tsigar jikina tashi take don ƙyama, tasu da tawa. Da yamma aka ɗaga allon, harufa manya, an sake wa ƙofar fenti. Masu binciken da ake tsoro ma ba su zo ba.

Sunan ya kama bakin mutane da wuri. Kafin damina ta zagayo, 'yan ƙauye da direbobi duk da shi suke kiran kasuwar. Wata Laraba cikin watan marka aka yi ruwa tun safe, na shiga sayen gishirin shanu da wando a naɗe. A layin 'yan kayan miya na tarar da wata tsohuwa daga wajen Shema, mai daddawa da kuka, tsaye cikin ruwa har ƙwauri. Kwandonta ɗaya ya kife, daddawar na yawo a kan ruwa tana kamowa ɗaya-ɗaya. Ba ihu take ba, magana take a hankali kamar mai lissafi. Sai na ji ta kira sunan Baba cikakke, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, shi da ya rasa inda zai gina wa talakawa kasuwa sai cikin tafki. Na kusa da ita suka ce amin.

Na matsa na ce mata ba shi ya gina ba. Na ce shi ne ma ya hana, a kan haka aka kore shi. Na yi ta bayani, ruwa na zuba a kanmu. Ta saurare ni da daddawa a hannu biyu.

Ta ce, "Ni ban san shi ba, ɗan nan. Sunan da aka ba ni shi na kira."

Na ce, "To Iya, ki hidda shi, ki sa ni."

"Kai kuma wane ne?"

"Ni na kawo yashin da aka yi ginin."

Ta dube ni sama da ƙasa, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "To Allah ya isa." Sannan ta ce in kama mata kwandon. Na ɗora mata, na ɗauki ɗayan, na raka ta har kan titi.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa bakunan da aka ɓatar kada su isa gare shi, ya yafe masa taurin kansa, mu kuma ya yafe mana laushin namu. Mace ɗaya na samu na gyara wa zance. Kasuwar kuwa duk Laraba take ci.